Haɗa kwamfutar wasanni a gida: abin da ya kamata a duba kafin a zuba kuɗi

Matashin da ke son buga manyan wasannin bidiyo irin su EA Sports FC, eFootball ko GTA V a kan kwamfuta yana da zaɓi biyu: ya sayi wadda aka riga aka haɗa, ko kuma ya tara kayan ɗaya bayan ɗaya ya haɗa da kansa. Hanya ta biyu takan fi sauƙin kuɗi, tana kuma ba da damar canza wani ɓangare nan gaba. Sai dai kuskure ɗaya wajen zaɓe na iya cinye ajiyar watanni.

Abu na farko shi ne dacewar kayan da juna. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato furosesa, ta kamfanin Intel ba ta shiga babban allon da aka ƙera domin AMD. Ko a kamfani ɗaya ma gurabun sun bambanta. Gurbin AM4 na AMD ya fito a 2016, yana aiki da RAM nau'in DDR4, shi kuwa AM5 da ya zo a 2022 DDR5 kaɗai yake karɓa. Wanda ya sayi furosesa a wani shago, allo a wani, ba tare da duba wannan ba, zai koma gida da kayan da ba za su taɓa tashi ba.

Katin hoto shi ne ke ɗaukar nauyin wasa, don haka shi ya cancanci kaso mafi tsoka na kuɗin. RAM mai gigabait 16, a sanda biyu na 8, ta wadatar ga yawancin wasanni, kuma ma'ajiya nau'in SSD tana buɗe wasa da sauri fiye da tsohon faifai mai juyawa.

A nan Nijar, dole a duba yawan wutar da kati ke ci, ba ƙarfinsa kawai ba. Katin RTX 3060 na Nvidia yana jan wat 170, RTX 4060 kuwa wat 115, alhali RTX 4090 yakan kai 450. Ga mai dogaro da hasken rana ko janareta, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Inda aka fi yin sakaci shi ne akwatin da ke raba wuta ga sauran kayan. Da yake ba ya ƙara wa wasa kyau, sai a bar masa ragowar kuɗi, alhali araha ba ta ado. Akwati marar inganci, idan wuta ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke ta, yana iya ƙonewa ya tafi da allo da katin hoto. Ya kamata a nemi na sanannen kamfani mai shaidar 80 Plus, wanda ƙarfinsa ya zarce buƙatar kayan, a kuma ware kuɗin na'urar riƙe wuta da masu gyara ke kira onduleur.

Sai batun zafi da ƙura. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a kudancin ƙasar, kuma idan furosesa ta yi zafi da yawa takan rage gudu da kanta, wasa ya riƙa sarƙewa. Gidan kwamfuta mai raga a gaba da fankoki masu shigo da iska da fitar da ita ya fi mai gilashi da fitilu masu launi amfani. Lokacin hunturu kuwa, a riƙa share ragar akai-akai, kada kuma a ajiye kwamfutar a ƙasa.

Masu neman kayan gwanjo su ma su yi hattara. Bayan Ethereum ta daina amfani da haƙa a Satumban 2022, katunan hoto masu yawa da suka yi aiki dare da rana sun kwararo kasuwa. Kafin a biya, a sa mai sayarwa ya ɗora katin, a buga wasa na ɗan lokaci, a saurari ƙarar fankokinsa, a duba ko hoton na tsinkewa. Idan ya ƙi yarda a gwada, gara a nemi wani shagon.