Ɗan Bakatsiniya Da Ya Tona Asirin Bauta

Yawancinmu mun ji labarin baƙar fata na Amurka da suka yi yaƙi da wariyar launin fata. Kaɗan ne suka san cewa a cikinsu akwai wani ɗan Bahaushiya. Turawa sun rubuta sunansa Mahommah Gardo Baquaqua. Mu za mu kira shi Muhammadu Bakwakwa.

Asalinsa

An haife shi a Zugu, cikin ƙasar Benin ta yanzu, tsakanin 1820 da 1830. Zugu zango ne na fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Ubansa ɗan kasuwa ne, Musulmi, uwarsa kuwa mutuniyar Katsina ce. Ya ce an raɗa masa Gardo domin bayan tagwaye aka haife shi, wato Gambo ke nan a wurinmu. Ya yi karatun allo kaɗan, ya kuma koyi ƙira a wurin kawunsa.

Da ya zama saurayi sai ya shiga hidimar wani sarki kusa da Zugu. A nan ne waɗansu masu ƙyashinsa suka yaudare shi da giya. Ya sha ya bugu, da gari ya waye ya tarar an sayar da shi. Aka yi ta kora shi kudu, daga hannu zuwa hannu, har bakin teku a ƙasar Dahomey. A 1845 aka jefa shi cikin jirgin bayi.

Birazil

Abin da ya faɗa game da jirgin nan yana sa tsikar jiki ta tashi. An cusa su tsirara a ƙarƙashin jirgi, maza gefe guda, mata gefe guda. Rufin ya yi ƙasa ƙwarai, ba mai iya miƙewa tsaye. Abincinsu dafaffiyar masara, ruwa kuwa ɗan ƙanƙane a yini. Wanda ya mutu sai a jefa shi cikin teku.

A Pernambuco, cikin Birazil, wani mai gasa burodi ya saye shi. Ya sa shi ɗaukar duwatsu da tallan burodi. Ran da bai sayar da yawa ba, sai bulala. Baƙin ciki ya sa ya koma shan giya, har ya faɗa kogi domin ya hallaka kansa, amma aka tsamo shi. Daga baya aka sayar da shi ga wani mai jirgin ruwa a Rio de Janeiro.

Kuɓuta

A watan Yuni 1847 jirgin ya kai kofi New York. Bakwakwa ya riga ya ji cewa ba bauta a wannan gari. Ya ce kalmar Turanci ta fari da ya koya ita ce mai ma'anar 'yanci, da ita kuma ya yi ta ihu sa'ad da ya sheƙa a guje daga jirgin. Aka kama shi. Masu ƙin bauta suka kai maganar kotu, amma alƙali ya ce a mayar da shi ga ubangidansa. A watan Agusta ya tsere daga kurkuku da dare, abokan nan suka kai shi Boston, daga can ya tafi Haiti, ƙasar baƙar fata masu mulkin kansu.

A Haiti ya sha yunwa, gama bai iya harshensu ba. Wani mai bishara, William Judd, da matarsa suka ɗauke shi a gidansu. Ƙungiyarsu ta 'yan Baftis ce da ta rabu da 'yan'uwanta a 1843, domin ta ƙi karɓar baikon masu bayi. A wurinsu ya bar giya, ya ba da gaskiya ga Almasihu, aka yi masa baftisma a 1848.

Makaranta da littafi

Daga 1850 zuwa 1853 ya yi karatu a wata kwaleji a McGrawville, cikin jihar New York. Kwalejin tana karɓar farare da baƙaƙe, maza da mata, har tana da malamai baƙar fata, abin da ba a saba gani ba a zamanin. Duk da haka bai tsira daga reni ba. Waɗansu ɗalibai farare sukan watsar masa da littattafai, sukan toshe bututun murhunsa har hayaƙi ya cika ɗaki. Ya daure, yana zagaya ikilisiyoyi yana ba da labarin bauta, yana neman taimako domin ya koma Afirka da bishara.

Ya ƙaura zuwa Chatham a Kanada. A 1854 aka buga tarihin rayuwarsa a Detroit, da taimakon wani Bature, Samuel Moore. Kashi na fari ya bayyana Zugu: sarauta, kasuwa, noma, aure, sana'o'i. Da wannan ya nuna wa Turawa cewa waɗanda suke kira jahilai suna da gari da doka da karatu tun kafin a sace su. Kashi na biyu ya tona muguntar bauta. An kai bayi Birazil fiye da kowace ƙasa, ba ta kuwa soke bauta ba sai 1888, amma littafinsa kaɗai aka sani wanda ɗan Afirka da ya yi bauta a can ya bari.

A 1855 ya tafi Liverpool a Ingila, yana neman hanyar gida. Labarinsa na ƙarshe da aka samu a rubuce na 1857 ne, yana nan yana roƙo a aike shi Afirka. A 2001 masana tarihi biyu, Robin Law da Paul Lovejoy, suka sāke buga littafin tare da wasiƙunsa.

Mu fa?

Mai karatu, ka lura da abu biyu. Waɗanda suka fara sayar da Bakwakwa baƙar fata ne irinsa, maƙwabtansa. Waɗanda suka cika masa ɗaki da hayaƙi kuwa 'yan makarantar mishan ne. Mu da muke zaune a Kakuri, Barnawa, Narayi da Sabon Tasha mun san yadda kogi ya raba garinmu tun rikicin 2000. 'Ya'yanmu suna jin abin da muke faɗa a kan na ƙetaren gada, da kuma a kan ƙabilar da muke zama benci ɗaya da ita ran Lahadi. Iyaye, a lokacin addu'ar iyali ku karanta Ayyukan Manzanni 17:26, sa'an nan ku ba yaranku labarin ɗan Bakatsiniyan nan.