Daga hatimin Ladi Kwali zuwa hular da ba ta da suna: yadda ake gina tambarin kayan adanawa

A Tumfure, unguwar da ke kan hanyar Bauchi idan an fito daga cikin garin Gombe, kamar sauran unguwannin biranen Arewa, sana'ar hular hannu ta shiga waya. Matashi zai ɗauki hoton hula, ya ɗora a WhatsApp ko Instagram, ya jira mai taya. Cikin masu sayen akwai waɗanda ba rashin abin sawa ne ya kawo su ba, tarawa suke yi, kowace hula da ranar fitarta. Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin iyayenmu mata sun daɗe suna jeren tasoshi da langa da samira, kayan da ba a cin abinci a cikinsu.

Kasuwar tana nan ke nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sunan mai aikin. Ana cewa Zanna Bukar, ko Bama, ko Damanga, ko Tangaran, wato sunan salo ko gari ko wani babban mutum. Wadda ta shafe makonni da allura da zare kuwa, babu inda aka rubuta ta. Irin wannan asara ta taɓa samun fatar jan akuyar Sakkwato, wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har ta isa Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko.

Misali mafi kusa na yadda ake kauce wa haka yana Suleja, garin da a da ake kira Abuja. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani magini Bature, Michael Cardew, aikin bunƙasa ginin tukwane. Kafin a gina ko da kofi ɗaya, sai da ya zagaya Arewa yana duba yumɓu da itacen gashi da ruwa, sannan ya zaɓi Abuja, inda ya samu goyon bayan Sarki Sulaimanu Barau. A fadar Sarkin ya ga randunan wata mata 'yar ƙabilar Gwari daga ƙauyen Kwali, domin Sarkin da kansa mai tara aikinta ne. A 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar, mace ta farko da ta yi haka.

Abin da ya faru da randarta shi ne cibiyar wannan batu. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana tsattsafowa. Da aka sauya yumɓun, aka shafa mata sinadarin ƙyalli, aka gasa ta da zafin da ya haura digiri 1,200, sai ta yi nauyi, ta daina tsattsafo. Ta bar madafa ta koma ɗakin baƙi. Ladi dai ba ta sauya hannunta ba: kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, kifi da tsuntsu suna nan a jikin randar yadda ta saba zana su. Sai kuma ƙaramin abin da ya fi komai tasiri. Kayan cibiyar suna ɗauke da hatimin Abuja da rubutun ajami, a gefensa kuma haruffan sunan maginin, nata LK. An baje kolin kayan a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, hotonta kuma yana bayan takardar Naira 20. Har yau, mai sayen randa a gidajen gwanjo na Turai yakan fara neman waɗannan haruffa biyu kafin ya yi tayi.

Wanda ke son kafa nasa tambarin hula a Gombe zai tarar mafi yawan aikin ba ya fitowa a hoto. Hula ɗaya takan bi hannu da yawa: mai zane, mai ɗinki, mai haɗa kai, sai mai wanki da sitaci da guga. Idan kowane yana aiki yadda ya ga dama, hula mai lamba 22 ta yau ba za ta zauna a kai kamar ta watan jiya ba, kuma mai tarawa ba ya yafe wannan. Dole mai tambari ya tsayar da irin zaren da zai yi aiki da shi, ya jiƙa shi ya ga ko yana zuba, ya ajiye hular misali da za a riƙa gwada sauran da ita. Dole kuma ya iya mayar da wadda ta kasa, ko da ya biya kuɗin ɗinkinta. A nan jari yake tafiya, kuma a nan da yawa suke sarewa.

Sai littafin rajista, wanda a ganina ya fi tallar intanet muhimmanci. Kowace hula ta samu lamba a cikin bakinta, a rubuta ranar da aka gama ta, da wadda ta ɗinka, da adadin irinta da aka yi. Idan an ce guda ashirin ne, to kada ta ashirin da ɗaya ta ɓulla don kasuwa ta yi kyau, domin ƙarancin shi ne abin da mai tarawa ya biya. Sanya sunan mai ɗinki yana da nasa haɗarin, tunda wani dillali na iya zagayawa ya janye ta da ƙarin kuɗi. Maganinsa biyan da ya fi na kasuwa, ba ɓoye sunan ba.

Ta fuskar doka akwai ruɗanin da ya kamata a warware. Rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Yi wa Kamfanoni Rajista, CAC, ba ita ce kariyar tambari ba. Tambari ana yi masa rajista ne a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya, inda kariyar farko take shekara 7, sannan a riƙa sabuntawa duk bayan shekara 14. Sabon zane kuma yana da tasa rajistar ta shekara 5, wadda ake iya sabuntawa sau biyu, amma da sharaɗin sabo ne. Salon da kakanni suka bari na kowa ne, babu mai mallake shi. Wanda kuma ya riga ya watsa sabon zanensa a Facebook kafin ya shigar da takarda, yana iya tarar da cewa a idon doka zanen ya daina zama sabo.