Amsoshin Wasiƙunku: Na'urorin da Ke Gadin Ruwan Famfo

Tambaya: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar shanu ta Wudil, ya rubuto yana cewa: "Na ji an ce akwai na'urorin da ke lura da ruwan famfo ba tare da hannun mutum ba. Yaya suke aiki, kuma za su amfane mu a nan?"

Amsa: To malam, mun gode da wasiƙarka. Kogin da ke wucewa ta ƙarƙashin gadar Wudil haɗuwar Kogin Kano ne da Kogin Challawa. Madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, da ta Challawa, wadda aka gama a 1992, su ke sako masa ruwa da rani. Da damina kuwa, ruwan sama ɗaya ya isa ya mai da kogin ja wur cikin dare guda. Nan ne amfanin na'urorin yake.

Ta farko tana haska ruwan, ta auna yawan laka. In laka ta ƙaru, sai ta sa injin ƙara alam domin dattin ya kwanta. Ta biyu tana auna sinadarin kulorin mai kashe ƙwayoyin kwalara da taifot. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a samu aƙalla miligiram 0.5 a kowace lita bayan minti 30 da zubawa, kuma kada ya gaza 0.2 a bakin famfonka. Ta uku tana cikin tanki: in ya cika ta kashe injin, in ya yi ƙasa ta tayar da shi. Akwai kuma mai auna ƙarfin ruwa a bututu, wadda ke tona asirin inda ya fashe. Duk labarin yana taruwa a kwamfuta guda, tsarin da injiniyoyi ke kira SCADA.

Haka ma ruwan dattin masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa. In aka sa ma'auni a bakin magudanarsu, za a san abin da ke shiga kogi tun kafin ya iso gonar mai noman rani.

Amma fa sayen na'ura ba shi ne aikin ba, tsari shi ne aikin. Kafin a saya, sai an tanadi wuta mai ɗorewa, ko ta hasken rana da batir. Sai an horar da ma'aikata, an ajiye kayan gyara, an kuma bar hanyar sarrafa injin da hannu ranar da kwamfuta ta tsaya. Ma'aunin da ba a wankewa a daidaita shi ƙarya zai riƙa faɗa, kuma wannan ya fi rashinsa haɗari.

Kai kuma a gida, in ka ga ruwa ya zo da laka, bari ya kwanta, ka tace, ka tafasa kafin yara su sha. In bututu ya fashe a unguwarku, ku sanar da Hukumar Ruwa ta Jihar Kano da wuri.

Da fatan ka gamsu. A gaida mutanen kara.