Hirƙal Sarkin Rum Bai Musulunta Ba, a Daina Tura Mana Tatsuniya

Akwai wani saƙon murya da ke ta zagaya wayoyin mutane a Garki, daga zauren WhatsApp na 'yan kasuwa zuwa na matan Islamiyya, har ya kai ga 'ya'yanmu da ke karatu a Dutse. Mai maganar yana rantsuwa cewa Hirƙal, Sarkin Rum da Manzon Allah (SAW) ya aika wa wasiƙa, ya musulunta a ɓoye, yana tsayuwar dare a ƙuryar ɗakinsa, har limaman coci suka gano suka sa masa guba. Wai kuma takardar shahadarsa tana nan kulle a fadar Fafaroma. Daga ƙarshe sai ya ce duk wanda ya tura wa mutum goma yana da lada. Na gaji da jin wannan shaci-faɗi, balle yanzu da ya fara shiga bakin wasu masu wa'azi.

Rum ɗin da ake magana a kanta ba ta Italiya ba ce, domin sarautar yammacin daular ta faɗi tun 476. Hirƙal a Kustantiniyya yake zaune, Santambul ta Turkiyya a yau, kuma sarki ne mai runduna, ba Fafaroma ba.

Daga nan Afirka ya yunƙuro neman sarauta. Mahaifinsa ne gwamnan Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yanzu. A 610 ya ɗebi mayaƙa a jiragen ruwa, ya je ya tumɓuke Sarki Fokas, ya gaji daula tana tangal-tangal. Kisra Sarkin Farisa ya ci Dimashƙa a 613, ya ci Ƙudus a 614, har aka kwashe itacen gicciye da Kiristoci ke girmamawa. Masar ma, rumbun alkamar da ke ciyar da babban birni, ta suɓuce. Wannan kashin da Rumawa suka sha shi Suratur Rum ta ambata, tare da albishir cewa za su rama cikin 'yan shekaru. A 622 Hirƙal ya fita yaƙi da kansa, bayan coci ta ba da zinariya da azurfarta an narka an biya sojoji. A Disamba 627 ya karya rundunar Farisa a Ninawa, kusa da Mosul ta Iraƙi, kuma a farkon 628 ɗan Kisra ya hamɓarar da ubansa ya nemi sulhu.

Yana cikin wannan ɗaukaka wasiƙar ta iske shi, ta hannun Dihyatul Kalbi, bayan sulhun Hudaibiyya. Labarin yana farkon Sahihul Buhari, hadisi na 7: yadda ya sa aka kirawo Abu Sufyan, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya yi masa tambayoyi kan nasabar Annabi da gaskiyarsa da irin mabiyansa, ya kuma gane alamomin annabta. Har a Hims ya tara manyan fadawansa, ya sa aka kulle ƙofofi, ya yi musu tayin bin wannan Annabi. Da ya ga sun zabura sun nufi ƙofa, sai ya dawo da su ya ce gwada su yake yi. A nan ruwayar ta tsaya. Sallar dare da guba da takardar Fafaroma duk ƙarin gishiri ne na mai saƙon murya.

To, a dubi abin da mutumin ya yi bayan haka. A shekara ta 8 bayan hijira dakarun daularsa ne suka gwabza da Musulmi a Mu'uta, inda Zaidu bin Harisa da Ja'afar bin Abi Ɗalib da Abdullahi bin Rawaha suka yi shahada. Shekarar da ta biyo, shirin tunkarar Rumawa ne ya fitar da sahabbai zuwa Tabuka cikin tsananin zafi. A 630 Hirƙal da hannunsa ya mayar da gicciyen nan Ƙudus cikin gagarumin biki. Annabi ya yi wafati a 632, shi kuwa ya ƙara shekara tara a duniya, kuma a yaƙi da Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar ya ƙarar da su. Shi ya tara rundunar da Khalid bin Walid ya tarwatsa a Yarmuk a 636. A 638 yana can yana fitar da dokar sasanta malaman coci kan saɓaninsu game da Annabi Isa. Kuɗin zinariya da aka buga da sunansa har ƙarshen mulkinsa gicciye ne a bayansu, suna nan a gidajen tarihi kowa na gani. Wane irin Musulmi ne wannan, jama'a?

Malamai ba su bar mu cikin duhu ba. Ibnu Hajar a Fathul Bari ya bayyana cewa Hirƙal ya fifita mulkinsa a kan imani, ya kafa hujja da yaƙin Mu'uta, ya kuma kawo ruwayar da ke nuna ya aiko daga baya yana iƙirarin Musulunci amma Annabi ya ƙaryata shi. Sarkin da ya yi imani an san shi: Najjashi na Habasha, wanda Annabi ya sanar da rasuwarsa ya kuma yi masa sallar gawa daga Madina. Shi kuwa Hirƙal rashin lafiya ta kashe shi a Fabrairu 641, yana ganin Sham da Ƙudus sun tafi, Masar na shirin bin su. Zuriyarsa ta riƙe gadon sarauta har 711, birninsa kuma bai faɗa hannun Musulmi ba sai 1453, lokacin da Muhammadul Fatih ya ci shi.

Ƙarancin littattafan tarihi da Hausa na cikin abin da ke ba irin wannan ƙarya wurin zama. Amma babban laifin na yatsunmu ne. Idan saƙo ya shigo, kafin ka danna tura, tambayi wanda ya turo: a wane littafi, wane babi, wane malami? In ya ce shi ma turo masa aka yi, zance ya ƙare. Kai wa malamin unguwarku ya buɗe maka Buhari ka ji da kunnenka, ai ba sai an je Ringim ko Kano ba. Ka lura da shekaru, domin labarin ƙarya ba ya son a tambaye shi yaushe. Hoton wani dattijo mai kambi yana sujada, ko tsohuwar takarda mai hatimi, kada su ruɗe ka, yanzu yaro da waya zai ƙera su kafin shayi ya huce. Duk saƙon da aka rufe da alkawarin lada ga wanda ya tura wa mutum goma, ka zarge shi tun daga nan. Wa ya ba mai saƙon ikon raba lada? Kuma a tuna, jingina wa sirar Annabi abin da babu shi ba ƙaramin zunubi ba ne, ko da niyyar ɗaukaka addini aka yi.

Masu kula da zaurukan WhatsApp, ku goge irin wannan, ku kuma faɗa wa wanda ya sa dalili, kada ku ji nauyinsa don ya girme ku. Malaman Islamiyya, idan an zo darasin wasiƙun da aka aika wa sarakuna, a ɗora wa yara da Mu'uta da Tabuka da Yarmuk, a nuna musu taswira su ga inda Hims take da inda Kustantiniyya take. Masu tafsirin azumi kuma, in an iso Suratur Rum, a faɗi sunan sarkin, a faɗi shekarun.