Babi Na Tara: Jinkirin Rubutu a Jerin Faifan Sabar, Dalilansa da Hanyoyin Magance Shi

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2013 hukumar JAMB ta fara gudanar da jarrabawar shiga manyan makarantu da kwamfuta, daga 2015 kuma ta daina amfani da takarda da fensir gaba ɗaya. A 2024 hukumar WAEC ita ma ta fara yi wa ɗalibai masu zaman kansu jarrabawa da kwamfuta. Wannan sauyi ya sa yaron da ya gama sakandare a Lafagu ko Illo ko Ka'oje ko Tsamiya, a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, ba shi da makawa sai ya iya aiki da kwamfuta. Makarantar da ta sami ɗakin kwamfuta kuwa ba kasafai take da injiniya ba. Galibi malami ne ake danƙa wa mabuɗi, kuma shi ake tuhuma ranar da na'ura ta ƙi aiki.

Manufar wannan babi ita ce bayyana wata matsala da ke addabar irin waɗannan wurare, wato jinkirin rubutu a faifan babbar kwamfuta. Haka kuma babin zai nuna wa ɗalibi cewa Hausa na iya ɗaukar bayanin fasaha, matuƙar an zaɓi kalmomi da kyau.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Sabar kalmar aro ce daga Ingilishi. Tana nufin babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci ke haɗuwa da ita domin ajiye bayanai ko ɗauko su. Faifan ajiya shi ne sashen da bayanai ke zama a cikinsa ko da an kashe wuta. Rubutu a nan yana nufin shigar da bayani cikin faifai, karatu kuma ɗauko shi.

Jerin faifai, wanda aka fi sani da RAID, tsari ne na haɗa faifai da yawa su yi aiki tamkar guda ɗaya. Masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakale a Amurka, wato David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, su ne suka fito da wannan suna a wata maƙala ta 1988. A manyan sabar akwai wani kati na musamman da ke raba wa faifan aiki. A wannan babi za a kira shi madugu, domin shi ke jagorantar ayarin. Madugu yana da ɗan ma'ajin wucin gadi mai saurin gaske, inda bayani ke yada zango kafin ya isa faifai.

3.0 Ire-iren Jerin Faifai

RAID 0 yana rarraba bayani a faifai biyu ko fiye. Yana da sauri, amma in faifai ɗaya ya mutu, komai ya salwanta.

RAID 1 yana rubuta abu ɗaya a faifai biyu. In ɗaya ya mutu, ɗaya na nan.

RAID 5 yana buƙatar aƙalla faifai uku, kuma yana jure mutuwar ɗaya ta hanyar lissafin kariya.

RAID 6 yana buƙatar aƙalla huɗu, yana jure mutuwar biyu.

RAID 10 yana haɗa dabarar RAID 1 da ta RAID 0, da aƙalla faifai huɗu.

Domin a fahimci lissafin kariya, a ɗauka faifai na farko na riƙe da 7, na biyu na riƙe da 5, na uku kuma na riƙe da jimlarsu, wato 12. Idan na biyu ya mutu, sai a cire 7 daga 12 a dawo da 5. A aikace madugu na yin wani lissafi ne na sifiri da ɗaya, amma manufar ɗaya ce.

4.0 Dalilan Jinkirin Rubutu

4.1 Nauyin lissafin kariya

Idan ana so a mayar da 5 ta zama 9 a misalin da ya gabata, dole madugu ya karanta tsohuwar lamba, ya karanta tsohuwar jimla, ya rubuta 9, sannan ya rubuta 16. Ke nan ƙaramin rubutu ɗaya ya zama aiki huɗu. A RAID 6 aiki shida ne, a RAID 10 kuwa biyu.

Faifan da ke juyawa sau 7,200 a minti yana iya yin ƙananan ayyuka warwatsattsu kimanin 80 a daƙiƙa. Faifai huɗu sun ba da 320. A RAID 10 an sami rubutu 160 a daƙiƙa, a RAID 5 an sami 80, a RAID 6 kuma kimanin 53. Wannan ya nuna cewa wani jinkirin ba lalacewa ba ce, tun wurin zaɓen tsari aka gayyato shi.

4.2 Mutuwar batirin madugu

Wannan na cikin dalilan da aka fi cin karo da su, musamman idan jinkirin ya zo kwatsam. Madugu yana da hanyoyi biyu na karɓar rubutu. A ta farko, yana zuba bayani a ma'ajin wucin gadi, ya shaida wa kwamfuta cewa an gama, daga baya ya rubuta a faifai cikin tsari. A ta biyu, ba ya amsawa sai bayanin ya isa faifai. Allon sabar na nuna ta farko da sunan Write Back, ta biyu kuma Write Through.

Hanya ta farko ta fi sauri nesa ba kusa ba, amma tana da haɗari, domin in wuta ta ɗauke abin da ke cikin ma'ajin zai gushe. Saboda haka ake sa wa madugu ɗan batiri. Da zarar batirin ya yi rauni, madugu kan koma hanya ta biyu da kansa, domin kare bayanai. Wasu tsofaffin katuna ma kan yi haka na wasu sa'o'i lokaci-lokaci yayin da suke gwajin batirin. Zafi na rage wa batiri kwana, kuma sanin kowa ne cewa a watannin Maris zuwa Mayu zafin jihar Kebbi kan haura maki 40. Sababbin katuna suna amfani da wata ma'ajiyar caji da ke kwashe bayanin zuwa ƙwaƙwalwar da ba ta mantuwa, wadda ta fi batiri daɗewa.

4.3 Faifai mai ciwo

Idan faifai ɗaya ya mutu a RAID 5, sabar ba ta tsayawa, sai dai madugu ya riƙa lissafo abin da ya ɓace a kowane lokaci. Idan an sa sabon faifai, aikin sake gina shi na iya cin sa'o'i masu yawa, wani lokaci kwanaki, kuma yana gogayya da aikin yau da kullum. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne faifan da bai mutu ba amma yana ta maimaita rubutu a gurbin da ya lalace. Tafiyar ayari kuwa daidai take da ta jakin da ya fi rauni.

4.4 Faifan da bai dace ba

Akwai faifan da ake kira SMR, wanda layukan rubutunsa ke hawa kan juna kamar jeren kwanon rufi. Gyara layi ɗaya na tilasta sake rubuta maƙwabtansa. A 2020 an yi ta ƙorafi a duniya bayan da aka gano kamfanin Western Digital ya sayar da irin wannan faifai a cikin wasu samfuran WD Red ba tare da ya bayyana ba. Irin wannan faifai na ja da baya ƙwarai wajen dogon rubutu da sake gina jeri.

4.5 Rashin daidaiton iyaka

Faifan zamani na aiki da gurabe masu bayit 4,096, alhali na da 512 ne. Tsofaffin manhajoji irin su Windows Server 2003 kan fara rabon faifai daga gurbi na 63, wanda bai dace da iyakokin sababbin gurabe ba, sai rubutu ɗaya ya faɗa gurbi biyu. Daga Windows Server 2008 an gyara wannan.

4.6 Zafi da ƙura da wuta

Ƙurar hunturu na toshe fanka da kafofin iska, zafi ya taru a cikin akwati. Yawan ɗaukewar wuta da sauyawa zuwa janareta kan hana batirin madugu cika, kuma kan sa madugu ya shiga binciken jeri bayan kowace mutuwar bazata.

5.0 Matakan Bincike

A ƙaddara wata makaranta a yankin Lafagu tana gwajin jarrabawa da kwamfuta 40. Buɗe tambayoyi ba ya ɗaukar lokaci, amma da yara sun tura amsa sai komai ya tsaya. Ga abin da ya kamata malami ya yi, bi da bi:

Na farko, ya kwafe muhimman bayanai zuwa wani faifai na dabam. Jerin faifai ba ya maye gurbin kwafin ajiya, domin abin da aka goge bisa kuskure ya gogu a dukkan faifan.

Na biyu, ya tabbatar faifai ne ke jinkiri, ba wayoyin sadarwa ba. Ya kwafi babban fayil a cikin sabar ɗin kanta. Idan ya tafi da sauri amma daga sauran kwamfutoci yana jan ƙafa, to ya duba waya da akwatin rarraba layi. A Windows akwai Performance Monitor, a Linux kuma akwai iostat, duka suna nuna tsawon jiran faifai.

Na uku, ya lura da yanayin matsalar. Karatu lafiya, rubutu a hankali, kuma abin ya faro rana ɗaya: a fara zargin batiri. Idan tun ranar da aka kafa sabar haka take, a duba tsarin jeri da irin faifan.

Na huɗu, ya dubi fitilun gaban sabar. A mafi yawan na'urori kore alamar lafiya ce, ruwan ɗorawa ko ja alamar matsala. Sannan ya buɗe manhajar madugu ya karanta halin batiri da na kowane faifai da hanyar rubutun da ake kai.

Na biyar, ya sauya abu ɗaya kawai a lokaci guda, ya sake aunawa, ya rubuta sakamako da kwanan wata a littafi.

Akwai abubuwa biyu da ya wajaba a guje musu. Kada a tilasta wa madugu hanyar sauri alhali batirinsa ya mutu, domin ɗaukewar wuta sau ɗaya na iya lalata makin ɗalibai na zango guda. Kada kuma a zare faifai sai an tabbatar shi ne mai ciwon, domin zare lafiyayye daga RAID 5 da ya riga ya rasa ɗaya na durƙusar da jerin baki ɗaya. Sauya batiri ko sake tsara jeri aikin ƙwararre ne, amma malamin da ya kira shi daga Birnin Kebbi da cikakken bayani ya rage masa tafiya biyu, ya rage wa makaranta kuɗi.

6.0 Kammalawa

An ga cewa jinkirin rubutu na iya tasowa daga tsarin jeri, ko batirin madugu, ko faifai mai ciwo, ko faifan da bai dace ba, ko muhallin da aka ajiye sabar. An kuma ga cewa bincike na tafiya ne daki-daki, bayan an kwafe bayanai. Rigakafinsa shi ne ɗaki mai iska, da share ƙura, da na'urar riƙe wuta ta UPS, da duba manhajar madugu aƙalla sau ɗaya a wata.

Tambayoyi

1. Me ya sa ƙaramin rubutu ɗaya ke zama aiki huɗu a RAID 5?
2. Faifai shida, kowane na aiki 80 a daƙiƙa. Lissafa rubutun da za a samu a RAID 5 da RAID 10.
3. Bayyana dangantakar zafin bazara da jinkirin rubutu.
4. Ware kalmomin aro da ƙirƙirarrun kalmomi da ke cikin wannan babi, sannan ka kawo wata kalmar da za ta iya maye gurbin madugu, tare da hujja.