3.4 Kallon Ruwan Taurari na Watan Nuwamba

Abin da Bahaushe ke kira faɗuwar tauraro, a haƙiƙa ba tauraro ba ne. Ɓurɓushin ƙura ne da tsakuwoyi, mafi yawansu ba su wuce ƙwayar gero ba, waɗanda ke ƙonewa idan sun kutso cikin iskar da ke kewaye da duniya, a nisan kilomita 80 zuwa 120 daga doron ƙasa. Idan suka yawaita a dare guda sai a kira su ruwan taurari.

Wanda ake gani a ƙarshen kaka, wato Liyonid, yakan kai ganiyarsa wajen 17 ko 18 ga Nuwamba. Asalinsa tauraro mai wutsiya ne da ake kira Tempel-Tuttle, wanda ke kewaya rana sau ɗaya cikin kimanin shekara 33, yana barin ɓurɓushi a kan hanyarsa. Kowace shekara duniya takan ratsa wannan hanya, sai ɓurɓushin ya shigo da gudun kimanin kilomita 71 a daƙiƙa guda.

A nan ne masu kallo da yawa kan yi kuskure. Sukan fito bayan sallar Isha'i, su ɗaga kai na ɗan lokaci, su koma ɗaki suna cewa zancen ƙarya ne. Alhali kuwa rukunin taurarin Zaki, inda ake ganin kamar daga nan suke ɓullowa, ba ya hudowa sai wajen tsakar dare, don haka lokacin da ya dace shi ne daga ƙarfe biyu zuwa asuba. Ba a buƙatar madubin hangen nesa, hasali ma taƙaita gani yake yi. Tabarma da bargo da fili mai duhu nesa da fitilun gari sun wadatar, sannan a ba ido kamar minti 20 ya saba da duhun. Haka kuma wajibi ne a duba kwanan wata, domin farin wata na dusashe ƙananan cikinsu. A ƙasar Hausa akwai ƙarin cikas, wato hazon hunturu da kan fara sauka a wannan lokaci.

Dangane da yawa kuwa, a shekarun da aka saba ba a cika wuce 10 zuwa 15 a awa guda ba. Dubban da aka gani a Amurka a 1833 da 1966 sun faru ne saboda duniya ta faɗa cikin ɓurɓushi mai kauri. Tauraron ya kusanci rana a 1998, ana kuma sa ran dawowarsa a 2031.