Furfura Ba Ta Hana Karatu

 Gaisuwa ta musamman ga ƴan ajin yaƙi da jahilci na Hamdara, cikin ƙasar Mirya, jihar Damagaram, maza da mata.

Maganarmu ta yau a kan tsufa ce. Ga abin da ya kawo ta.

Cikin ajinmu akwai wani dattijo mai ƙoƙari. Ya iya baƙaƙe, ya fara haɗa kalmomi. Sai ya yi mako biyu bai zo ba. Na same shi a gindin gawo yana tufkar igiya. Na ce, "Baba, lafiya muka daina ganinka?" Ya ce, "Malam, ƙyale ni. Kaina ya tsufa. Baƙaƙen nan cakuɗewa suke yi kamar tururuwa." Na ba shi littafi. Sai ya miƙe hannu, ya nisanta shi da fuskarsa, ya karanta layi guda ba kuskure. Nan na gane kansa lafiya lau yake. Idonsa ne ke neman taimako.

Alamun da kowa zai gani

Cikin idon mutum akwai wani ɗan madubi mai laushi. Shi ke lanƙwasawa idan za ka duba abu kusa. Daga shekara 40 zuwa 45 yakan fara tauri. Shi ya sa za ka hango raƙumi daga nesa, amma zura zare a allura ya gagare ka. Wannan ba makanta ba ce. Maganinsa tabarau na karatu, watau madubin ido. Ka zauna inda haske yake, ka kuma roƙi malaminku ya rubuta manyan baƙaƙe a allo.

Furfura kuwa, saiwar gashi ce ta daina yin launin da ke baƙanta shi. Wani tana fito masa tun yana ɗan shekara 30, domin gado ne a gidansu. Kunne ma yakan yi nauyi sannu a hankali. Gwiwa takan yi ƙara idan za a tashi. Barci yakan ragu. Mace kuma, tsakanin shekara 45 da 55, jinin al'ada yakan ɗauke mata, wani lokaci da jin zafin jiki da zufa cikin dare. Duk waɗannan ba abin tsoro ba ne. Kowa ya daɗe zai ga daɗau.

Abin da ba tsufa ba ne

To, ku lura da kyau. Akwai ciwon da ke ɓuya bayan furfura, a ce tsufa ne, a zauna gida.

Na ɗaya, yanar ido. Mutum yakan ga kamar hazo ya rufe gari, har baƙin idonsa ya koma fari. Ana yi mata aiki, gani ya dawo. Kada a bari wani ya taɓa ido da tsinke ko allura a gida.

Na biyu, hawan jinin ido. Shi yakan ci gani daga gefe, sau da yawa ba tare da zafi ba. Abin da ya ci ba ya dawowa. Awo da wuri ne kaɗai ke tare shi.

Na uku, hawan jini. Mutum na iya ɗauke da shi shekaru bai sani ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Awonsa ba ya ɗaukar minti 5. Idan ma'aikacin lafiya ya ce maka 14 da 9, ko fiye, kuma aka sake awo aka sami haka, to, ka bi shawararsa. Ka rage gishiri da dunƙulen miya.

Na huɗu, ciwon sukari: yawan ƙishirwa, yawan fitsari, rama, da gyambon da ya ƙi warkewa.

Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya fara zuwa gidan likita mafi kusa. Idan abin ya fi ƙarfinsu, za su tura shi Mirya ko babban asibitin Damagaram.

Tuna da

Mu koma gindin gawo. Ranar nan Baba bai bar ni na tafi ba sai da ya ba ni labarin ƙuruciyarsa. Ya tuna dandali a farin wata, ƴan mata na gaɗa, samari na langa. Ya tuna gayya, ranar da samarin gari suka nome gonar surukinsa kafin azahar. Ya tuna kasuwar gyaɗa da buhunan Sonara. Ya tuna yadda suke kewaye rediyo guda suna sauraron kokawar ƙasa, wadda aka fara a Tawa cikin 1975. Ya lissafa mini ƴan kokawar garinsu ɗaya bayan ɗaya, har da kirarinsu. Wannan fa shi ne mutumin da ya ce kansa ya tsufa!

Haka kan mutum yake. Abin da ya faru tsakanin shekara 10 da 30 ya fi zama daram, domin lokacin kome sabo ne: noman farko, tafiyar farko, auren farko. Kewar wannan zamani ba laifi ba ce. Amma kada mu ce da can daɗi ne zalla. Waɗanda suka ga farin 1973 da 1974, da yunwar 1984, sun san haka.

Abin baƙin ciki guda ne. Idan dattijo ya rasu, labarinsa ya bi shi. Mun san Sarki Tanimu ya gina ganuwar Birnin Damagaram, mun san Faransawa sun shigo cikin 1899, domin an rubuta. Wa ya rubuta wanda ya haƙa tsohuwar rijiyar unguwarku? Wa ya rubuta iyakar gonar kakanka? Rigima nawa aka yi a kan gona domin tsohon da ya san iyaka ya kwanta dama? Yanzu alƙalami yana hannunku.

Shekarunka nawa?

Da yawa daga cikinmu ba su da takardar haihuwa. Ga dabara. Ka tambayi manya abin da ya faru shekarar da aka haife ka. Idan shekarar samun mulkin kai ce, 1960 ke nan. Idan shekarar da Seyni Kunce ya hau mulki ce, 1974 ke nan. Sai ka ɗebe wannan lamba daga lambar shekarar da muke ciki. Misali: wanda aka haifa a yunwar 1984 ya cika 40 cikin 2024. Idan baƙaƙe sun fara yi masa hazo-hazo, lokacin tabarau ne ya yi, ba lokacin barin aji ba.

Baba ya je an auna idonsa, ya samo tabarau, ya dawo aji. Abin da ya fara rubutawa shi ne sunan mahaifiyarsa. Gemu ba ya hana ilimi, furfura ma haka.

Aikin wannan mako

1. Lissafa shekarunka, ka rubuta su da lamba.
2. Rubuta layi 3 a kan wasan da ka fi so kana yaro, ko kina yarinya.
3. Duba ajinku: wa ya daina zuwa? Ku je ku gaishe shi, ku tambaye shi lafiyar idonsa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.